Shawara ga mai shirin karanta labarin Thomas Covenant

Duk wanda zai ɗauki Lord Foul's Bane, littafin da Stephen R. Donaldson ya fitar a 1977, kada ya jira jarumin ya kwanta masa a rai. Covenant kuturu ne da matarsa ta guje shi, kuma da ya tsinci kansa a wata duniya ya ɗauke ta mafarki, har ya yi wa Lena, yarinyar da ta taimake shi, fyaɗe tun a babukan farko. Gara ku san wannan kafin ku fara. A ganina, ku zuba ido kan Atiaran, mahaifiyar Lena, wadda ta danne zuciyarta ta ci gaba da yi masa jagora bayan labarin ya iso kunnenta, domin ceton ƙasarta.