Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen karɓo kaya a kan beli kafin a gama shari'a

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Aikina kai-komo da takardu ne tsakanin ofishin lauya da rajistarar kotu, kuma kusan duk wanda ya zo da maganar an riƙe masa mota ko babur ko Adaidaita Sahu ko waya a caji ofis, ramin da na gabansa ya faɗa shi ma nan yake nufa. Toh bari in rubuta ko wani zai tsira.

Da yawa ma ba su san ana ba da belin kaya ba, sun ɗauka sai ranar da alƙali ya yanke hukunci, sai su bar mota a harabar ƴan sanda rana ta daka ruwa ya daka, taya ta sace, batir ya mutu, ɓera ya cinye wayoyin ciki. Alhali dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda lauyoyi ke ce wa ACJA, a sashe na 10 ta ce ɗan sanda na iya sakin kayan da aka karɓa a hannun wanda ake zargi idan mai kayan ko wani mai haƙƙi a ciki ya nema, bisa takardar alkawari, kafin a gurfanar da mutumin. In ya ƙi, dole ya kai rahoton kayan gaban kotu, ita kuma kotu ta duba ko za ta mayar wa mai shi ya ajiye. Jihohi sun yi nasu dokokin, Kaduna a 2017, Kano a 2019, saboda haka ka sa lauyanka ya duba ta jiharku. In kuwa an riga an kai ƙara kotu, ka daina zaryar wajen DPO, magana ta bar hannunsa, takardar roƙo za a shigar gaban alƙali haɗe da takardar rantsuwa.

Babban kuskuren, wanda shi ne ya sa ni wannan rubutun, shi ne mutum ya ɗauka tunda an ba shi kayan to ya ci shari'a. Ba ka ci komai ba! Ajiya aka ba ka. Abin da ka sa wa hannu cewa ya yi duk ranar da kotu ta nema za ka kawo shi yadda yake, in ka kasa za ka biya kuɗin da aka rubuta, kai ko wanda ya tsaya maka. Amma sai ka ga mutum ko karantawa bai yi ba, ya dangwala hannu yana murna, bayan sati biyu ya kai wa dillali.

Ni wannan ya taɓa ci na, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Yaron maƙwabcina aka sace wa babur, Allah ya sa aka kama ɓarawon da shi, ubansa ya zo har ƙofar gida bayan isha'i ya ce Malam kai ne ka san hanyar kotu, ka rufa mana asiri ka tsaya wa yaron nan, da babur ɗin yake ciyar da mu. Na tsaya, na ba da hotona da katin shaidata, na karanta wa yaron takardar da Hausa layi-layi. Aka ɗage shari'a, aka sake ɗagewa, ranar da mai gabatar da ƙara ya tashi miƙa babur a matsayin shaida sai aka ce a shigo da shi, babu. Ashe ya sayar ya haɗa lefe. Da na tare shi a bakin kotu abin da ya ce min shi ne, Kawu ai nawa ne, da gumina na saya, kuma na ga an daɗe ba a tambaya ba. Wanda ya saya shi ma ya sayar, an ce an yi ƙauye da shi. Kotu ni ta kira in faɗi dalilin da zai hana a ci kuɗin belin, ba ni da abin cewa, kuɗin kwanon rufin da nake tarawa su na kwasa na biya, damina ta same mu a haka. Ga shari'ar satar ita ma ta yi rauni tunda babu abin nunawa, ga gaisuwar da ke tsakanina da ubansa ta shekara da shekaru ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Don Allah samari ku ji tsoron Allah. Wanda ya tsaya maka mutuncinsa da dukiyarsa ya ajiye saboda kai. Kuma ba sayarwa kawai ba, har canja fenti, sauke inji a sa wani, ba da jingina, ko tura mota Legas da direban da ba ka san ranar dawowarsa ba, duk karya alkawari ne. In gyara ya zama dole ka gaya wa lauya ya sanar da kotu tukuna. Ni dai yanzu in zan tsaya wa mutum, takardun abin na asali a durowata suke kwana har a gama, kuma duk ranar zama da safe sai na ga kayan da idona kafin in fita. Wasu na cewa na cika tsanani, na ji na yarda.

Na biyu da ke ƙona min rai, zuwa hannu rabbana. Mutum zai tsaya yana rantsuwa wallahi tallahi wayata ce, kowa a unguwa ya sani. Kotu ba ta san unguwarku ba. Ina rasit? Ina kwalin da ke ɗauke da lambar shaidar wayar, wato IMEI? In abin hawa ne ina takardun mallaka, kuma lambar inji da ta jikin bodi sun yi daidai da abin da ke rubuce? Mun saba sayen babur hannu da hannu a shagon mai shayi, takardu na nan da sunan mutum na farko da ya fito da shi daga kamfani, ba yarjejeniyar ciniki, ba shaidu a rubuce, ranar da rigima ta tashi sai ka ga mai kaya na gaskiya yana kame-kame kamar shi ne ɓarawon. Ka rubuta yarjejeniya ranar ciniki ko da a fallen takardar makaranta ce, shaidu biyu su sa hannu da lambar wayarsu. Sannan ranar da aka karɓi kaya a hannunka ka nemi kwafin jerin abin da aka karɓa, wancan sashe na 10 ya ce a rubuta, ɗan sanda ya sa hannu kai ma ka sa, a ba ka kwafi.

In kuma rigimar ba ta laifi ba ce, misali makaniki ya riƙe maka mota ko tsohon abokin kasuwanci ya hana ka injin markaɗe, hanyarta daban. Ƙara za ka shigar ta neman kayanka, ka roƙi umarnin wucin gadi, kuma galibi sai ka ɗauki alkawarin biyan diyya in daga baya ta bayyana ba ka da gaskiya, Kotun Ƙoli ta jaddada muhimmancin wannan alkawarin a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989.  Kar ka kwashi ƴan sanda a kan wannan, dokar 2015 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Kar kuma ka kwashi majiya ƙarfi ku je ku ƙwato, tun shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da ɗaukar doka a hannu ana tsaka da shari'a, gwamnati ma ba a ƙyale ta ba balle kai.

Sauran ƙanana ne. Ka karanta adadin kuɗin da aka rubuta kafin ka sa hannu, in ya wuce darajar kayan nesa ba kusa ba lauya na iya roƙon a rage. Ka guji mutanen nan da ke zaune a gindin bishiyar kotu suna tsaya wa kowa a biya su, ranar wuya ba za ka gan su ba. Mace na iya tsayawa, dokar tarayyar ta ce ba a hana ta don kawai ita mace ce. Ranar karɓa ka ɗauki hoton kayan gaba da baya a gaban jami'in, har da mitar mota. Duk kuɗin da ka biya a rajistara ka karɓi rasit.

Bayan an yanke hukunci kuma kar ka tafi kawai, ka sa lauya ya roƙi alƙali ya faɗa a rubuce cewa an sallami wanda ya tsaya maka, ka karɓi kwafin umarnin ka kai masa har gida, sannan ka je wajen dillali in sayarwar kake so.