Yadda ake rainon ƙwayar maleriya a ɗakin gwaje-gwaje

Duk ɗalibin da zai gwada ko wani magani yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, to sai ya fara iya rayar da ita a cikin kwalba tukuna. Ina maganar Plasmodium falciparum, wadda ta fi kashe mana yara. Sai a 1976 William Trager da James Jensen suka samo hanyar da za ta ci gaba da hayayyafa a wajen jikin mutum, a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka, kuma har yau kusan hanyar tasu ake bi.

Fara da ruwan da za ta zauna a ciki. RPMI 1640 ake amfani da shi, wani ruwan abinci ne da ake rainon ƙwayoyin halitta a ciki, a ƙara masa HEPES da sodiyam bayikabonet masu daidaita tsamin ruwan, da haifozantin, sinadarin da ƙwayar ke buƙata don ta hayayyafa, sai ɗan jentamaisin don kada bakteriya su cinye maka aiki, sannan siram na mutum, wato ruwan da ke rabuwa da jini in ya daskare, kashi 10 cikin ɗari, ko Albumax, garin da ake sayarwa a madadin siram, kashi 0.5 in akwai kuɗinsa. Ka tace shi da matata mai 0.22 maikiron, ka sa a firij, in za ka ɗiba ka ɗumama shi zuwa digiri 37.

Maganar jini ita ce inda nake so ka nutsu sosai, don nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Jinin rukunin O ake so, wanda aka tantance ba shi da ƙanjamau ko ciwon hanta. Amma a nan wajenmu wannan bai isa ba wallahi, dole ka tambayi jinotaif, domin jinin AS mai ɗauke da sikila ƙwayar ba ta girma da kyau a cikinsa in iskar oksijin ta yi ƙasa, AA za ka nema, kuma ka tabbatar wanda ya ba da jinin bai sha maganin maleriya ba kwanan nan, don ragowar maganin kaɗai ta isa ta kashe maka komai kana ta zargin inkubeta. Haka siram ɗin wanda ya tashi cikin sauro, sau da yawa yana da garkuwar da ke danne ƙwayar, shi ya sa ni na fi son Albumax. Ka juya jinin a santirifuj, injin da ke juyawa da sauri ya raba jini kashi-kashi, ka zubar da ruwan sama da farin layin nan na tsakiya, ka wanke jajayen ƙwayoyin sau uku da RPMI.

Sai haɗawa. Jini ya zama kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na abin da ke kwalbar. Ƙwayar ba ta son oksijin da yawa, masu hali suna hura mata gas mai oksijin kashi 5, kabon dayoksaid kashi 5, sauran naitirojin. In babu, ka yi dabarar su Trager: ka zuba haɗin a ƙananan kwanukan leb, ka jera su cikin desiketa, wato tukunyar gilashi mai murfi da iska ba ta shiga, ka kunna farin kyandir a ciki, ka rufe ruf, da ya mutu da kansa iskar ta yi daidai, sai inkubeta a digiri 37. Kada ka soma aikin nan in ba ka da inbata ko sola, ɗauke wuta na dare ɗaya yana iya mayar da kai farko.

Kullum sai ka canza ruwa, har Asabar da Lahadi. Jinin yana kwantawa a ƙasa, ka karkata kwalbar a hankali ka zuƙe na sama ka zuba sabo. In ka ga ruwan ya koma ɗorawa-ɗorawa, jinin ya yi duhu, ƙwayoyin maleriyar sun yi yawa ko kuma ƙazanta ta shiga. Ka shafa ɗigo a silaid, ka kafe shi da metanol, ka rina da rinin Giemsa, ka ɗiga man maikuroskop a kai ka duba. Za ka ga ƙananan zobba cikin jajayen ƙwayoyi, gobe su zama manya masu baƙin ɗigo, don awa 48 take yi kafin ta fasa ta shiga sabbi. Da jajayen ƙwayoyin da ta shiga sun kai kashi 5 cikin ɗari ka raba su ka ƙara musu sabon jini.

Kuma don Allah safar hannu da rigar leb, a cikin akwatin kariya za ka yi komai, ka nisanci allura, tsirewa ɗaya ta isa ta ba ka maleriya. Duk ruwan da ka zuƙe ya shiga bilic kafin a zubar.