Ga masu niyyar zuwa Filato bayan girbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda an kai amfanin gona gida, wasu na shirin leƙawa Jos, ga 'yar shawarata.

Ku ɗauki rigar sanyi mai kauri da safa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinta na Disamba da Janairu ya fi hunturun da muka sani a Rano ko Birnin Kudu. Masu bin hanyar Tudun Wada da Saminaka, ku yi sammako ku ratsa dajin Falgore da rana tsaka, kada dare ya same ku a can.

Abin da na fi so ku gani shi ne duwatsun Shere, gabas da gari, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. A fara hawa da safe, da takalmi mai riƙe ƙafa, silifa ba za ta yi ba. Ku nemi ɗan gari ya ja gaba, don hanyoyin suna rikita baƙo, kuma ku riƙe ruwan sha. Daga sama Jos gaba ɗaya tana ƙarƙashinka, iska tana kaɗa maka riga.

Dutsen Riyom da magangarar ruwan Assop duk suna hanyar Akwanga, yini ɗaya ya isa. A Assop a kula da yara sosai, duwatsun akwai santsi.

Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da gumakan Nok na yumɓu, kusa da shi kuma an gina kwatankwacin ganuwar Kano. Ku kai ɗalibai su gani da idonsu.