Yadda ake auna hawan jinin mai famfon zuciya

Idan majinyacin da aka dasa wa famfon zuciya na LVAD a ƙasar waje ya dawo Katsina, abin da ke fara rikita ma'aikacin jinya shi ne ya taɓa wuyan hannunsa ya ji shiru. Ga mutum zaune yana amsa gaisuwa, amma ba bugu. Famfon yana zuƙo jini daga ɓangaren hagu na zuciya ya tura shi babbar jijiya ba ƙaƙƙautawa, kamar ruwan tiyo. Injin awo mai batir kuwa bugun yake nema, shi ya sa yakan ƙi ba da lamba ko ya ba da ta ƙarya.

A ɗauko abin awo na hannu da na'urar Dofla mai sa a ji sautin gudun jini a jijiya. A naɗa a damtse, a shafa jel a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, a lalubo jijiya har a ji shuuu. A hura iska sai sautin ya ɗauke, a ƙara kamar 20, sannan a riƙa saki sannu a hankali. Lambar da sautin ya dawo a kanta ita za a rubuta. Ana so ta tsaya tsakanin 70 da 80, kada ta haura 90. In ta haura, famfon ba ya iya tura jini yadda ya kamata, haɗarin shanyewar ɓarin jiki kuma ya ƙaru. Wanda ake jin bugunsa sosai, lambar takan fi kusa da ta sama cikin lambobi biyu na awon hawan jini da aka saba, sai a lura.

Bangon jijiya ya saba da miƙewa da komawa a kowane bugu. Da wannan motsi ya ragu, fatar cikinta takan rage fitar da sinadarin da ke sassauta ta, babbar jijiya ta yi tauri. Samfurin famfon da ake kira HeartMate 3 yana sauya gudunsa duk daƙiƙa 2, amma wannan bai kai bugun asali ba. Juyawar famfon kuma tana ragargaza furotin ɗin von Willebrand mai taimaka wa daskarewar jini, ga warfarin, maganin tsinka jini, da ake sha don INR, wato awon daskarewar jini, ya zauna 2 zuwa 3. Saboda haka akwai haɗarin zubar jini, sai a tambayi majinyacin kai tsaye: "Alhaji, bayan gida ya yi baƙi? Ana haɓo?"

A zafin Afrilu, ƙarancin ruwa a jiki kan sa zuciya ta tsotse, na'urar famfon ta yi ta ƙarar gargaɗi. Mai niyyar azumi ya fara tuntuɓar likitansa, baturan famfon kuma su kwana cike saboda ɗauke wuta.