Kurakuran da ke toshe wa masu buƙata ta musamman shafukan intanet na jam'iyyun siyasa

Mafi munin kuskure shi ne a ɗauki hoton kundin manufofin jam'iyya daga takarda, a ɗora shi a matsayin PDF. Makaho da manhajar karanta allo yake aiki, wadda ke furta masa rubutun da ke kan allo, irin su NVDA, JAWS ko TalkBack, kuma manhajar ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto yadda take karanta rubutu na gaske. Ke nan an nemi ƙuri'arsa, an kuma ɓoye masa abin da zai zaɓa. Sashe na 29 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ya tabbatar masa da 'yancin shiga siyasa kamar kowa. Gyaran ba wuya: a rubuta manufofin a jikin shafin, kowane babi da kanunsa mai alamar H2 ko H3 (alamomin da ke nuna wa manhaja cewa wannan kanu ne), domin mai sauraro ya tsallaka kai tsaye zuwa batun lafiya ko ilimi. Fastar ɗan takara ma haka, rana da wurin taro a sake rubuta su a ƙarƙashinta.

Launin jam'iyya yakan ci rubutu, musamman rawaya a kan fari. WCAG, wato ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga nakasassu na W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuwa 3 bisa 1. A bar launin a tambari, rubutu ya yi duhu.

Fom ɗin rajistar mamba shi ne inda aka fi yar da mutane. Kowane gurbi yana buƙatar suna da manhaja za ta furta. In an yi kuskure, kada a tsaya ga jan launi, a faɗa da kalmomi: "lambar waya ba ta cika ba". CAPTCHA (gwajin tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba) ta hotuna kaɗai tana korar makaho, sai a haɗa da wata hanya. A gwada haka: ajiye linzamin kwamfuta, cika fom ɗin da madannai kawai, irin su Tab da Enter. Inda ka maƙale, nan mai shanyewar hannu zai maƙale.

Jawabin bidiyo yana buƙatar rubutu a ƙasa saboda kurame. Wanda YouTube ke yi da kansa yakan ɓata sunaye da alƙaluma, dole mutum ya bi ya gyara.

Ɗan madannin “sauƙaƙawa” da ake saya a manna a gefen shafi ba ya mayar da hoton takarda rubutu. A gyara shafin daga tushe, sannan a biya masu amfani da manhajojin karanta allo su gwada shi kafin a fara yaƙin neman zaɓe.