Shawara ga sababbin zuwa Paris game da daren sabuwar shekara da yawon ganin gari

'Yan'uwa da kuka sauka birnin Paris a 'yan watannin nan, ko don karatu ko don neman na kai, akwai abin da ya kamata ku sani kafin ƙarshen watan Disamba. Faransa ƙasa ce da zanga-zanga da yajin aiki suka zama jiki ga mutanenta, kuma sau da yawa sukan faɗo a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara. A ranar 17 ga Nuwamban 2018 masu riguna ruwan ɗorawa suka fara fitowa saboda ƙarin harajin man fetur, suka riƙa cika tituna kowace Asabar, har a ranar 1 ga Disamba aka yi ɓarna a Arc de Triomphe, babbar ƙofar tarihi da ke ƙarshen titin Champs-Élysées. Shekara ta zagayo, a ranar 5 ga Disamban 2019 ma'aikatan sufuri suka shiga yajin aiki kan dokar fansho, galibin jiragen ƙarƙashin ƙasa suka tsaya in ban da layi na 1 da na 14 waɗanda ba su da direba, kuma a haka aka shiga sabuwar shekara.

Baƙon da ya ga hotunan hayaƙi a talabijin, ga kuma iyaye suna ta bugo waya daga Maraɗi ko Kano cikin fargaba, yakan kulle kansa a ɗaki har hutu ya ƙare. Wani kuma son kallo ne yake jan sa har tsakiyar taron. A ganina duka biyun kuskure ne, domin rikicin wannan birni yana da rana, yana da hanya. Ƙungiyoyin ƙwadago sukan sanar da ranar fitowarsu tun da wuri, kuma galibi tattakin yakan bi tsakanin dandalin République da Bastille da Nation. Wanda ya duba sanarwar hukumar 'yan sandan birnin da manhajar RATP (hukumar sufurin birnin) da safe, zai san tashoshin da aka rufe, ya bi wata unguwa inda mutane ke harkokinsu lafiya lau.

Abin da ya fi damuna shi ne batun takardu. Ɗan ƙasa in an kama shi a wajen tarzoma, yana iya kwana a hannu ya koma gida. Baƙo mai izinin zama na shekara ɗaya kuwa, kamun yana iya zame masa cikas ranar da ya je sabunta takardarsa. 'Yan sanda suna da ikon tsare mutum awa 24, a ƙara har zuwa 48. Sannan tun daga watan Afrilun 2019 doka ta haramta rufe fuska da gangan a wajen zanga-zangar da ake fargabar tashin hankali, hukuncin kuma yana kaiwa ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000. Mu da sanyin hunturu yake sa mu naɗe fuska da mayafi ko rawani har hanci, wannan ya shafe mu kai tsaye. Ku riƙa yawo da katin zamanku ko takardar wucin gadi da aka ba ku, kuma in kun ji warin barkonon tsohuwa ku juya ta titin gefe cikin natsuwa, kada ku tsaya ɗaukar bidiyo don turawa gida.

Daren 31 ga Disamba, babban taro a titin Champs-Élysées ake yin sa, inda ake haska hotuna a jikin Arc de Triomphe kafin wasan wuta na ƙarfe goma sha biyu. Ana binciken jaka a mashigai, ana hana shiga da kwalabe, tashoshin da ke kusa kuma akan rufe su tun da yamma. An saba barin sufuri kyauta daga yammacin ranar zuwa tsakar rana ta 1 ga Janairu, wasu layuka suna aiki har asuba. Mai ƙananan yara gara ya haƙura da wannan cunkoso. A wasu unguwannin bayan gari kuma akwai mummunar al'adar ƙona motoci a wannan dare, ɗaruruwa ake ƙonawa a faɗin ƙasar kowace shekara, don haka mai mota ya nema mata wurin ajiya a rufe. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18, ta motar asibiti 15.

Ganin gari ya fi daɗi da hantsi, musamman da yake rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar a wannan lokaci. Ina ba da shawarar a fara da Babban Masallacin Paris da ke gunduma ta 5, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum zai yi sallar Azahar, ya sha shayin na'a-na'a, ya tsallaka titi ya shiga lambun Jardin des Plantes ba tare da biyan ko sisi ba. Gidan tarihi na Quai Branly, kusa da hasumiyar Eiffel, yana cike da kayan tarihin Afirka, kuma ɗan Afirka ba ya fita daga cikinsa ba tare da ya tambayi kansa yadda kayan suka zo nan ba. Shiga kyauta ce a Lahadin farko ta kowane wata. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar 1 ga Janairu da kowace Talata, kada a yi wahalar banza.

Wanda kewar gida ta dame shi kuwa, ya hau layi na 4 ya sauka a Château Rouge. A kasuwar Dejean zai samu kuɓewa da doya da busasshen kifi da naman halal, daga nan kuma tafiyar ƙafa kaɗan ce zuwa tudun Montmartre, inda ake hango birnin gaba ɗaya. Ya dai sa wayarsa a aljihun ciki, domin masu yankan aljihu sun san wurin sarai.