Kurakuran da ake yi wajen loda lissafin yanka cikin manhajar injin zarto

Yaron shagona ya taɓa kawo min takarda da murnarsa wai duk kabad ɗin kicin ɗin da za mu yi zai fita a bod ɗaya. Ina dubawa na ga ƙofar da ya kamata ta zama 720 ya rubuta 72, a santimita ya auna, ita kuma manhajar da ke jera gutsattsarin da za a yanka a kan bod milimita take karantawa. Ba ta da laifi, abin da ka ba ta shi za ta jera maka. Ko CutList Optimizer kake amfani da shi ko OptiCut ko MaxCut ko Cut Rite na Homag, yawancin ɓarnar tun a fayil ɗin Excel take farawa kafin a loda.

To maganar awo kenan, ka zaɓi milimita ka tsaya a kai. In mai aiki ya turo maka da inci sai ka ninka da 25.4, kuma don Allah kar ka rubuta 3/4 a Excel don yana mai da shi kwanan wata, sai dai kawai ka ga Maris ko Afrilu a inda kauri ya kamata ya fito. Haka rubuta 600mm a gida ɗaya, lamba kawai ake so, da ka haɗa ta da harafi wasu manhajojin sai su ƙi layin gaba ɗaya.

Sai rigimar CSV, wato irin fayil ɗin da ake fitarwa daga Excel don lodawa, wadda ta fi cin lokacin mutane. Kwamfutar da aka saita da Turanci waƙafi take sawa tsakanin kolum da kolum, ɗigo kuma a lamba kamar 596.5, amma wadda aka saita da Faransanci irin wadda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke aiki da ita, waƙafi mai ruwa take sawa, lambar kuma ta zama 596,5. Shi ya sa za a turo maka fayil lafiyarsa ƙalau kana lodawa ka ga komai ya cunkushe a kolum ɗaya ko lamba ta rabe biyu. Ka buɗe shi da Notepad tukuna ka ga wace alama ce a ciki, sannan ka zaɓe ta a wajen lodawa, minti ɗaya ne. Nan ma za ka ga ko akwai layin jimla a ƙasa ko layukan da ba komai, duk ka goge su. In kana sa sunayen gutsattsari da Hausa kamar ƙofa ko ɗirowa ka yi sebin ɗin fayil ɗin da tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ alamar tambaya za su koma a kan lakabi.

Wanda ya fi min ciwo shi ne juya tsawo da faɗi. A farin bod ba wanda zai gane, amma bod mai zanen itace zanensa tsawon 2440 yake bi ba faɗin 1220 ba, in kolum ɗin suka sauya wuri ko ka bar wa manhaja damar juya gutsure yadda ta ga dama sai ka haɗa wadrob ka ga ƙofa biyu zanensu a tsaye ta uku a kwance, kuma ba gyara sai sabon bod da kuɗinka. Ka duba da idonka wane kolum ka haɗa da tsawo, ka kulle juyawa a duk abin da ido zai gani, na ciki da baya ka sake su don a rage asara.

Sunan kaya ma sai ya zama iri ɗaya sak. MDF 18 fari da mdf18 fari a wajenka abu ɗaya ne, ita tana iya ɗaukarsu kaya biyu ta ce ka sayo ƙarin bod.

Kar ka manta da cin zarto, haƙorin yana cinye milimita 3 zuwa 4 da wani abu a kowane yanka. Gutsure huɗu na 610 a takarda sun cika 2440 cif, a injin kuwa yanka uku sun tafi da kusan 12, na huɗun gajere zai fito. Ka auna naka ka sa, ka kuma ware kamar 10 na gyaran bakin bod don kusurwa kan daku a mota.

Tef ɗin baki kuma, wato wanda ake liƙawa a gefen bod bayan an yanka, mutum ɗaya ne zai cire kaurinsa, ko kai ko manhajar. Ƙofa 600 mai tef 2 kowane gefe 596 za a yanka, in ka cire a Excel ita ma ta sake cirewa ka tashi da 592. Ni yanzu girman gamawa nake rubutawa in bar mata lissafin, kuma kafin a kunna injin sai na ƙirga yawan gutsattsarin da ta nuna na gwada da na Excel, in sun saɓa ko da ɗaya ne akwai layin da bai shiga ba.